Faɗi kuɗin mota tun kafin a ce "na saya"

Yau maganata da ku ce, 'yan uwana matasa masu sayar da kaya a waya: masu atamfa da leshi a WhatsApp, masu takalma a TikTok, masu turare da waya a Facebook. Tambaya ɗaya zan fara da ita. Sau nawa mutum ya zaɓi kaya, ya ce a turo lambar asusu, kuna faɗa masa kuɗin aike sai ya yi shiru, har yau bai dawo ba?

Da yawanmu sai mu ce "ɗan ɓata lokaci ne". To, ni ban yarda ba. Yawancin lokaci mutumin nan da gaske yake, mu ne muka kore shi.

Ku duba yadda abin yake a nan Bagudo. A ce wata baiwar Allah a Tsamiya ta ga atamfa ta naira 15,000 a hoton wani ɗan Kantin Kwari. Ta lissafa kuɗinta, sun kai. Sai da aka gama magana sannan aka ce mata kuɗin webil daga Kano zuwa Birnin Kebbi daban. Daga can akwai wata motar zuwa Bagudo. A tasha akwai na ɗan kamasho, sannan ga mai babur da zai kai mata gida. Kafin ta ankara, 15,000 ta haura 20,000. Ba tsadar ce kawai ta ɓata mata rai ba. Ji take an ja ta ne har sai da ta shiga, sannan aka rufe ƙofa.

Kuma wannan ba matsalarmu ce mu kaɗai ba. Akwai wata cibiya a ƙasar Denmak mai suna Baymard da ke nazarin cinikin intanet. Lissafinta ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na masu zuba kaya a kwandon saye ba sa kaiwa ga biya. Idan aka cire masu kallo kawai, babban dalilin da mutane ke bayarwa shi ne ƙarin kuɗin da ke ɓullowa a ƙarshe, irin na aike da haraji. To idan wanda ake kai wa kaya har bakin ƙofa yana gudu, ina ga wanda ke Lolo, Illo ko Ka'oje?

Mu mutanen bakin iyaka mun san zafin kuɗin mota fiye da kowa. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa. A Nuwamban shekarar aka hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Sai ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo. Wanda ya ga duk wannan, kafin ya tambayi launin kaya, abin da ke ransa shi ne: nawa zai kawo min shi nan?

Na san hujjar masu ɓoyewa. Suna cewa idan ka faɗi duka tun farko, mai saye zai tsorata. E, wani zai tafi. Amma wanda ya tafi tun farko bai ci maka data ba, bai ci maka lokaci ba, kuma bai tafi yana kiranka macuci ba. Wanda ya gudu a ƙarshe kuwa, labarinka zai kai majalisa. A gari irin namu da kowa ya san kowa, sunanka shi ne jarinka.

Addini ma bai bar mu a duhu ba. Malamai sun koya mana cewa daga sharuɗɗan ciniki akwai sanin farashi, kuma an hana cinikin da ke da garari a ciki. Hausawa na kiran irinsa cinikin biri a sama.

To me za mu yi?

Na farko, je tasha da kanka ka tambayi direbobi. Rubuta kuɗin aike gari-gari: Bagudo kaza, Zagga kaza, Tsamiya kaza. Saka shi a ƙarƙashin hoton kaya, ba sai an ce "zo inbos" ba. Sa kwanan wata a jiki, domin idan mai ya tashi ka sabunta.

Na biyu, faɗi inda kuɗin ya tsaya. Tasha ne ko gida? Wa zai sallami direba? Kwana nawa kaya za su yi a hanya? Tun ran gini, tun ran zane.

Na uku, idan mai sayenka yana tsallake, a Segbana ko wani gari na Benin, faɗa masa da naira ne ko da sefa, kuma a wane canji. Idan akwai kuɗin kwastan, a san wanda zai biya kafin kaya su tashi.

Na huɗu, ku haɗa kai. Mutum biyar da ke jiran kaya daga Kano, su sa a ɗaure musu a buhu ɗaya. Kuɗin mota ya rabu biyar, kowa ya huta.

Ku kuma masu saye, kada ku tura ko sisi sai kun ji jimilla. Ku ce: "Malam, har ya iso hannuna, nawa ke nan?" Ku sa ya rubuta, ku ajiye saƙon. Wanda ya kasa amsa wannan tambaya, ku nemi wani.

Wanda ke da lissafin kuɗin aike na garinsu, ya taimaka ya yaɗa wa 'yan uwa, mu san inda muka dosa. Allah Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya tsare direbobinmu a hanya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu.