Jawabi Kan Zaman Duhu a Tsibirin Puerto Rico

 

Dukkanmu mun san ɗauke wuta, amma ku ji abin da ya sami mutanen Puerto Rico, tsibirin da ke ƙarƙashin Amurka. Ran 20 ga Satumba 2017 guguwar Maria ta kwantar da turakun lantarki, tsibirin baki ɗaya ya faɗa duhu. Famfo ya ƙafe, mata suka koma wanki a rafi. Na'urar cire kuɗi ta tsaya, ciniki sai da kuɗi hannu. Mai shago kuwa ya wuni a layin mai saboda janareta, ina lokacin ciniki? Allurar masu ciwon sukari ta lalace don babu firji.

Hukumar tsibirin ta amince mutum 2,975 suka rasu, da yawansu bayan iskar ta wuce. A garin Adjuntas, ƙungiyar Casa Pueblo mai wutar sola ce ta raba wa maƙwabta fitilu.

Abin da ya fi tsaya mana a rai, jama'a, waɗannan 'yan ƙasar Amurka ne, amma mazauna tsibirin ba sa jefa ƙuri'ar shugaban ƙasa. Wasu ƙauyukan kan tudu sai a Agustan 2018 suka ga wuta, bayan kusan wata 11.