Jawabi ga masu garka na Kirkissoye: zaɓen iri da feshin magani

Ga jawabin da malamin gona ya yi wa masu garka na Kirkissoye, a hayin kogin Isa, cikin birnin Yamai.



Icce ba kamar salati ba ne. Wanda ya yi kuskuren irin salati, wata biyu ya yi hasara. Wanda ya yi kuskuren irin mangwaro, shekara huɗu zai yi yana ban ruwa kafin ya gane. Saboda haka maganar yau kashi biyu ce: irin da ya kamata a dasa, da yadda za a fesa magani ba tare da an ƙona iccen ba.

Ba kowane icce ke son ƙasar nan ba

Akwai wani icce na ƙasashen sanyi da ake kira pesh. Wasu sukan ci ɗiyansa, su ji daɗi, su shuka ƙwallon a gida. Iccen yakan tsiro, amma da wuya ya ba da ɗiya. Dalili shi ne yawancin irinsa suna bukatar ɗaruruwan awoyi na sanyi ƙasa da digiri 7 kafin su yi fure. A Yamai, ko cikin watan Janairu, sanyin dare yakan tsaya wajen digiri 15. A watan Afrilu da Mayu kuwa zafi yana wuce digiri 40. Wanda ya dasa pesh a nan, ruwansa da taki sun tafi a banza.

Abin da ƙasar nan ta karɓa shi ne mangwaro, lemu da gwaiba.

Zaɓen mangwaro

Mangwaron da aka shuka daga ƙwallo yakan yi shekara 6 ko fiye kafin ya haihu, kuma sau da yawa ɗiyansa ƙanana ne masu zare. Mangwaro mai aure yana haihuwa a shekara 3 ko 4, kuma yana ba da irin ɗiyan uwar da aka yanko reshensa.

Iri-iri ne. Amélie, wanda wasu ke kira Gwamna, yana nuna da wuri, wajen Maris da Afrilu. Kent yana biye da shi. Keitt da Brooks su ne na ƙarshe, suna kaiwa cikin damina. Kent da Keitt asalinsu daga jihar Florida ta Amurka ne.

Lokacin nuna abin dubawa ne ƙwarai. A shekarar 2003 aka fara ganin wani sabon ƙudan mangwaro a ƙasar Kenya, wanda ya fito daga Asiya. Cikin shekara biyu ya iso Afirka ta Yamma. Macen tana soka ɗan mangwaro ta yi ƙwai a ciki, tsutsa ta ɓata shi. Ƙudan yana yawaita da saukar ruwan sama. Shi ya sa iri mai nuna da wuri yakan tsira, mai jinkiri kuwa shi ke shan wahala. Mai wurin icce huɗu, gara ya dasa biyu masu saurin nuna, ɗaya na tsakiya, ɗaya mai jinkiri. In ɗaya ya ƙi, wani zai ba da.

A bar mita 10 tsakanin mangwaro da mangwaro. Itatuwan da suka cunkushe ba sa shan iska, cuta kuwa tana son laima da inuwa.

Zaɓen lemu

Babbar cutar lemu a garka ita ce ta gindi. Ɓawo yana tsagewa, ƙaro yana fitowa, ganye ya yi rawaya, iccen ya bushe a hankali. Ƙwayar cutar tana cikin ƙasa, ruwan da ya kwanta a gindi ne ke taimakonta. Mutanen Kirkissoye sun ga ambaliyar 2012 da ta 2020; a ta 2020 ce kogi ya kai santimita 700 a ma'aunin Yamai. Lemu ba ya jure kwanciyar ruwa. Sai a dasa shi a tudu, a bar wa gwaiba wuri mai gangare, don ita ta fi shi haƙuri.

Wajen dasawa, mahaɗin aure ya zauna sama da ƙasa da kamar taƙi guda. Kada a binne shi. A yi kwari biyu kewaye da iccen: ƙarami na ciki a bar shi busasshe, a zuba ruwa a babba na waje. Wannan dabara ba ta cin ko dala, kuma ta fi magani aiki.

A gane cuta kafin a sayi magani

Maganin ƙwari dabam, maganin funfuna dabam. Maganin funfuna ba ya kashe ƙuda, maganin ƙwari ba ya warkar da funfuna. Ga alamomi uku a jikin mangwaro.

Na ɗaya, farin gari kamar toka a kan fure, a lokacin ɗari. Furen ya bushe ya kakkaɓe. Wannan funfuna ce, maganinta farar wuta. A jikin leda ana rubuta soufre.

Na biyu, baƙaƙen tabo a ganye da ɗiya, masu faɗaɗa bayan an tsinko mangwaron. Ita ma funfuna ce, ta lokacin ruwa. Ana tare ta da magani mai sinadarin jan ƙarfe, wanda ake rubutawa cuivre. Tsohon magani ne: tun wajen 1885 manoman inabi na Bordeaux a Faransa suka fara aiki da shi.

Na uku, baƙin tabo mai tsagewa kamar tauraro, yana zubar da ƙaro. Wannan ba funfuna ba ce, wata ƙwayar cuta ce da aka gani a Gana, Burkina Faso da Mali tun wajen 2010. Ta fi kama Kent da Keitt. Magani yana rage ta ne kawai. Tana yawo cikin dashe, don haka kada a sayi dashen da ba a san inda aka raine shi ba. A yanke reshen da ya kamu, a ƙone.

Magani ma yana ƙuna

Ganye yana da laushin jiki kamar fatar jariri. Farar wuta tana ƙona ganye in zafi ya wuce digiri 32. A Yamai rana tana kai haka kusan kullum, har cikin ɗari. Saboda haka a fesa da maraice, bayan la'asar, in iska ta kwanta. Da bazara kuwa a ajiye farar wuta gaba ɗaya. Kada a haɗa ta da magani mai mai, kuma a bar aƙalla sati biyu tsakaninsu.

Maganin jan ƙarfe yana iya lalata fure da sabon toho. A jikin ɗiyan lemu yana barin ɗigo-ɗigo in an fesa da zafi. Masu noman pesh a Turai sun san wannan: sukan fesa shi ne lokacin da iccen ya zubar da ganye, don in da ganye, sai ya huhhuje ya zube. Darasin ɗaya ne. Abin da icce guda ya jure, wani ba zai jure ba.

Ga ƙa'idoji biyar:

1. A karanta takardar jikin magani, ko a kai wa wanda ya iya. Awon da aka rubuta shi za a zuba a famfo. Ƙari ba ya ƙara lafiya, ƙuna yake ƙarawa.
2. A gwada a reshe guda, a jira kwana 3 ko 4. In ganye bai canza ba, a fesa sauran.
3. Kada a fesa wa icce mai jin ƙishirwa. A ba shi ruwa tun jiya.
4. Kada a riƙe magani guda kullum. Funfuna takan saba da wasu magunguna har su daina cin ta. A riƙa sauyawa bisa shawarar malamin gona.
5. A rufe hanci da baki, a sa riga mai dogon hannu da takalmi. A kiyaye kwanakin da aka rubuta tsakanin feshi da tsinka. Kada a wanke famfo a kogi ko a magudanar fadamar shinkafa, don mutane da shanu na shan ruwan.

Maganin da ake ƙullawa a leda a kasuwa, ba suna ba takarda, a guje shi. A nemi wanda hukuma ta yarda da shi.

Mai neman dashe na gari ko shawara, ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa, ko ma'aikatan kare tsirrai, ko cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, wadda aka kafa a 1975. In ganye ko ɗiya suka nuna wata alama, a tsinko kaɗan a kai musu su gani kafin a kashe kuɗi.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya sa a ci amfanin abin da aka dasa.