Baƙin da Suka Sauka Garinmu: Jawabin Kwamitin Walwala a Taron Shekara

 

Hausawa kan ce baƙo raɓa ne. To, amma bayin Allah da rikicin Boko Haram da na 'yan bindiga suka koro garinmu sun wuce raɓa. Wasunsu sun binne iyayensu a maƙabartarmu, ƙananan 'ya'yansu kuwa ba su san wani gari ba. Duk da haka iyakar ƙoƙarinmu buhun masara da azumi, mu juya birni.

Da Muhajirai suka isa Madina a shekarar 622 Miladiyya, Manzon Allah (SAW) ya ƙulla 'yan uwantaka tsakaninsu da Ansaru. Sa'ad bin Rabi'u ya yi wa Abdurrahman bin Aufu tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya nemi a nuna masa kasuwa. Abin da baƙinmu suke nema ke nan: hanyar cin guminsu.

Maƙwabtanmu sun gwada. Bayan da mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka jihar Maraɗi a 2019, gwamnatin Nijar da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun zaunar da wasunsu a ƙauyuka irin su Garin Kaka da Cadakori. Ruwa da asibiti da makaranta da aka samar, baƙo da ɗan gari ke mora tare, domin taimakon da ya tsallake talakan gida gaba yake haifarwa.

Don haka kwamiti na roƙon abu huɗu. Gonakinmu da suka zama saura tun da muka koma birni, mu ba da aronsu a rubuce, gaban Dagaci da shaidu. Sarkin Kasuwa ya ware musu rumfuna. Asusun ilmi ya ɗauki yaransu tare da marayunmu. Sannan dattawansu su sami kujera a kwamitin masallaci da na rijiyar burtsatse.

'Yan uwa, da yawanmu baƙi ne a Legas da Fatakwal da Kumasi. Mun san darajar mai masaukin da ya tsaya mana ranar da muka sauka tasha da ƙunshin kaya. Yau mu ne masu masauki.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.