Rumbun Gari: Jawabi A Kan Asusun Wakafi Da Rabon Amfaninsa

 

Mai martaba Sarki, Allah ya ja zamaninka. 

An ɗora mini nauyin yin magana a wannan biki na cikar sarauta shekara 100. Tarihin gidan nan na bar wa masana da maroƙa, sun fi ni saninsa. Ni abin da na zo da shi roƙo ne: kada a watse taron nan sai an aza harsashin asusun wakafi na gari, wanda zai riƙa tallafa wa ayyukan jama'a kowace shekara.

Ranka ya daɗe, ƙasarmu ba matalauciya ba ce. Albasar Galmi ta kai Abijan da Akara. Simintin Malbaza ya gina gidaje har Yamai. Ruwan Maggiya da aka tare a madatsun Mozage da Zongo yana shayar da fadamar Ƙonni, eka fiye da 2,000. Amma duk da haka dattawan da ke zaune a nan sun ga yunwar 1973 da ta 1984, matasa kuma sun ga ta 2005. Iyakar da ke tsakaninmu da 'yan'uwanmu na Sakkwato an rufe ta a 2019, aka sake rufe ta a 2023, kowa kuwa ya san yadda kasuwa ta kwanta. Gyaran fadamar Ƙonni ya samu ne cikin yarjejeniyar dala miliyan 437 da Nijar ta ƙulla da Amurka a 2016. Bayan sauyin mulki na Yulin 2023 aka dakatar da shirin. Ba na zargin kowa. Mai kyauta yana da ikon janye hannunsa, shi ya sa gari yake bukatar abin da yake nasa.

Wakafi, wanda littattafanmu na Malikiyya suke kira hubusi, shi ne a tsare asalin dukiya, ba a sayarwa, ba a gado, a riƙa ciyar da amfaninta. Haka Sayyidina Umar ya yi da gonarsa ta Haibara, haka Sayyidina Usman ya yi da rijiyar Ruma a Madina. Mazhabarmu ta sauƙaƙa ƙwarai: ana iya yin hubusin gona ko shago ko dabba, har ma na ɗan lokaci, a ce shekara 10, sannan abu ya koma ga mai shi. Saboda haka manomin albasa da ba zai iya rabuwa da lambunsa ba yana iya ware fangali biyu ya ce amfaninsu na marayu ne. Gwamnatin Nijar ma ta kafa babbar hukumar wakafi ta ƙasa, don haka akwai dokar da za mu jingina da ita.

A nan akwai kuskuren da ake yawan yi, kuma ina roƙon malamai su tsaya a kansa. Zakka tana da masu ita, kashi takwas da Allah ya ambata a Suratut Tauba, aya ta 60. Ba a gina aji ko rijiya da ita a mazhabarmu. Wakafi da sadakar ganin dama su ne za su iya ɗaukar gyaran famfo, da rufin makarantar allo, da kuɗin motar da za ta kai mai naƙuda asibitin Galmi cikin dare. Idan aka zuba su jaka guda, an ci haƙƙin fakirai da sunan aikin alheri. Jaka biyu, littafi biyu.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A Sakkwato akwai hukumar zakka da wakafi ta jiha, wadda take aiki ta hannun kwamitocin gundumomi ƙarƙashin iyayen ƙasa, tana biyan kuɗin maganin marasa ƙarfi, tana kula da marayu da masu taɓin hankali. Abin koyi a nan shi ne an bi ta gidan sarauta, domin mai unguwa ne ya san gidan da aka kwana ba a hura wuta ba.

Amma misalin da ya fi burge ni na mata ne. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi. Mata kamar 30 su haɗu kowane mako, kowa ta zuba abin da aka yanke, a ranta wa mai bukata, a kulle akwati a gaban kowa, makullai kuma a hannun mutane daban-daban. Yawancinsu ba su yi lakkol ba, amma tsarin ya bar Nijar ya bazu ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Mu maza, mai martaba, sau nawa muka kafa ƙungiyar ci gaban gari da kaɗe-kaɗe da alkawuran miliyoyi, shekara biyu ba ta cika ba aka nemi ma'aji aka rasa? Abin da ya raya asusun matan nan shi ne ba a ƙirga kuɗi a ɗaki.

Sai batun rabo, wanda a nan ne zumunci yake lalacewa. Shawarata ita ce Sarki ya zama uban asusu, kada ya riƙe makulli. Wannan kariya ce ga rawani, domin ranar da aka hana wani, ba za a ce fada ce ta hana shi ba. Masu yanke hukunci su haɗa da malami, da ɗan kasuwa, da mace daga cikin ƙungiyoyin asusu, da wakilin makiyaya, tun da Fulani da Buzaye suna shan ruwan rijiya ɗaya da mu. Duk wanda ɗan'uwansa ya kawo bukata, ya tashi ya fita har a gama magana. A ba ƙungiya ko unguwa, ita ma ta kawo nata kason, ko da yashi ne da ƙarfin samari. Ni a ganina gara a gyara famfo 10 da suka mutu da a gina sabon abu guda don a manna allon suna. Bankunan hatsi da yawa da aka buɗe bayan 2005 sun rufe ne saboda an ranta hatsi ba a biya ba, ba wanda ya iya tambayar babban mutum.

'Ya'yanmu da ke Legas da Abijan da Kwatano suna aiko da kuɗi gida kullum. Za su zuba a asusu idan suka san za a karanta lissafi a ƙofar fada bayan kaka, a kuma maimaita shi a gidan rediyo da Hausa.

Ina roƙon mai martaba ya naɗa mutanen da za su rubuta ƙa'idojin asusun, su kai wa malamai su duba, su dawo da su gaban majalisa kafin azumi mai zuwa. Allah ya ƙara wa Sarki lafiya, ya maida kowa gidansa lafiya.