Jawabi Kan Haƙƙin Yara Masu Raunin Fahimta



A unguwannin Hausawa na Ikko da Badun akwai gidajen da ake ɓoye yaro a ƙuryar ɗaki saboda ya yi jinkirin magana da gane abu. Wani kuwa a kan tura shi bara a gindin gada. Lalle wannan zalunci ne.

Raunin fahimta ba hauka ba ne, ba kuwa aikin aljannu ba. Yakan samo asali daga doguwar naƙuda, ko shawara mai tsanani ga jariri, ko sanƙarau, ko ƙarancin sinadarin aidin a abincin mai ciki. Wani kuma da shi aka halicce shi. Don haka a haihu a asibiti, jaririn da idonsa ya yi rawaya kuma a gaggauta kai shi wurin likita.

Irin wannan yaro yana koyo, sai dai a hankali. Dokar Tarayya da aka sa wa hannu a 2019 ta hana nuna wa naƙasassu bambanci, ta kuma ba su ilmi kyauta har sakandare. A garin Oyo akwai kwalejin da ke horar da malamansu tun 1977.

Saura aikin jama'a. Sarakunan Hausawa da limamai su riƙa bin gida gida, su nuna wa iyaye hanyar makaranta. Teloli da masu wankin hula su karɓe su koyon sana'a. Uwa da uba ba za su dawwama ba. Yaron da unguwa ta san shi ba ya rasa mai riƙonsa bayansu.

Allah ya ba da ikon yi.