Lissafin Zafin Ƙonewa: Ƙa'idar Hess da Gawayin Kasko



Idan hunturu ya kankama, ba a rasa jin labarin gidan da aka shiga ɗaki da kaskon gawayi, aka toshe ƙofa da taga, gari ya waye aka tarar rai ya yi halinsa. Jama'a kan ɗora laifin a kan hayaƙi, alhali kuwa gawayin da ya ruru ba shi da wani hayaƙin kirki. Mai kisan wata iska ce marar launi, marar wari, wadda ake kira kabon monoksaid. Tana samuwa ne idan gawayi bai sami isasshiyar iskar oksijin ba. Idan ya samu, sai ya ƙone sarai ya zama kabon dayoksaid.

To, zafi nawa ke fita a kowace daga cikin ƙonewar nan biyu? Ta biyun ba ta da wuyar awo. Giram 12 na kabon, watau mol ɗaya a ma'aunin masana sinadarai, idan ya ƙone sarai yakan ba da zafi kilojul 393.5. Ta farkon ce ta gagara, domin duk dabarar da aka yi, sai wani sashe na kabon ɗin ya zarce ya zama dayoksaid, awo ya ɓaci.

Wanda ya warware wannan ƙulli shi ne Germain Hess. An haife shi a Janeba a 1802, ya tashi a Rasha, har ya taɓa aikin likita a Irkutsk, can cikin Saiberiya. A 1840 ya bayyana cewa jimlar zafin da wani sauyi na sinadarai ke fitarwa ko yake sha ɗaya ce, ko an yi sauyin a tashi guda, ko an bi shi mataki-mataki. Mai hawan Dutsen Dala, ko ta matakala ya bi ko ta gefen dutse, gajiyarsa ce za ta bambanta. Tsawon da ya hau bai ƙaru ba, bai ragu ba.

Saboda haka sai a kewaya. Kabon monoksaid ita ma tana cin wuta, kuma mol ɗaya nata yakan ba da kilojul 283.0 yayin da ta zama dayoksaid. Doguwar hanya ke nan mai zango biyu, wadda dole jimlarta ta zo 393.5. A ɗebe 283.0, saura 110.5. Wannan shi ne zafin zangon farko, wanda ba a auna shi kai tsaye ba, alƙalami ne ya fito da shi. Ashe kaskon da aka rufe a ɗaki, bayan gubar da yake fitarwa, yana iya zubar da fiye da kashi 70 cikin ɗari na zafin kabon ɗin da bai ƙone sarai ba. Maƙeri bai san Hess ba, amma abin da yake gudu ke nan da yake matsa wa yaron zuga.

Haka ake yi wa mitan, babban sinadarin iskar gas da ake haƙowa a yankin Neja Delta. Kabon da haidirojin ba sa haɗuwa cikin sauƙi su ba da ita, amma dukkansu uku suna ƙonewa. Mol ɗaya na kabon ya ba da 393.5, mol biyu na haidirojin, kowane 285.8, suka ba da 571.6, jimla 965.1. Ita mitan kuwa 890.3 take bayarwa. Bambancin, watau 74.8, shi ne zafin da ya riga ya fita tun sa'ad da aka haɗa ta, ana kiransa zafin samuwa.

A nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe a jarrabawa, kuma sau da yawa gaggawa ce, ba rashin sani ba. A rubuce, zafin da ya fita alamar ɗebewa ake sa masa, wanda aka sha kuwa alamar tarawa. Idan aka juya sauyi baya, alamar ma sai ta juya. Da alƙaluman samuwa, na abin da aka samu ake ɗebe wa na kayan haɗi. Da na ƙonewa kuwa, akasin haka ake yi. Sa'an nan a lura da ruwan da ƙonewar ta haifar: 285.8 na ruwa ne mai gudana a zafin digiri 25. In tururi ne, lissafin ya sauka zuwa 241.8, domin kilojul 44 na nan tare da tururin, bai sake su ba sai ya koma ruwa.