Mariama Keita da aikin radiyo: jawabin mushen lakwal a taron ƙungiya

Shugaban ƙungiya, dattawa, malamai, iyayenmu mata, da ku 'yan uwa da kunka taho daga Yamai, Maraɗi da Damagaram, ina gaishe ku da tahiya. Ni yaro ne cikinku, aikina koyar da ɗiyanku karatu. In na yi kure, ku gahwarce ni.

Labarin wata mata ni kawo muku, sunanta Mariama Keita. An haihe ta a Yamai cikin 1946, zamanin mulkin Faransa. Da ƙasarmu ta samu kanta cikin 1960, tana da shekara 14. A wancan lokaci ɗiya mata da ke zuwa lakwal kaɗan ne ƙwarai, ko a babban birni. Ita ta yi karatu, kuma ita ce aka sani a matsayin mace ta hwarko 'yar jarida a Nijar.

Dattawa sun hi ni sanin radiyon da. An buɗe Radiyo Nijar cikin 1958. Cikin 1962 anka kahwa kulob-kulob na radiyo, inda mutanen gari ke taruwa da dare su saurari shiri bisa noma ko kiwon lahiya, su yi mahawara, a ɗauki maganarsu a kai Yamai. Cikin 1974 gidan ya koma Voix du Sahel, wato Muryar Sahel. Nan Mariama ta yi aiki, tana rubuta labaru, tana karanta su. Wanga aiki ba ƙarami ba ne. A ƙasar da mutane da yawa ba su karatun boko, abin da radiyo ta hwaɗa shi ke zama labarin kasuwa da na masallaci. In mai karanta labaru ya karkata kalma guda, ta karkata a kunnen dubban mutane.

Cikin 1991 ƙasa ta shiga shirin babban taron ƙasa. Da anka kahwa kwamitin shirya taron, mata sunka ga an kusa manta da su. Ran 13 ga watan Mayu sunka hito cikin Yamai da yawa, sunka yi maci, har anka ƙara musu kujeru. Shi ya sa 13 ga Mayu ta zama ranar matan Nijar. A waɗanga shekaru Mariama ta shugabanci wata ƙungiya ta dimokuraɗiyya da 'yanci da ci gaba, ɗaya daga ƙungiyoyi masu zaman kansu na hwarko a ƙasar. Ta kuma riƙe CONGAFEN, wadda ta haɗa ƙungiyoyin mata wuri guda. An yi ƙuri'ar sabon tsarin mulki ran 26 ga Disamba 1992, anka yi zaɓe na jam'iyyu da yawa cikin 1993. Tana cikin waɗanda sunka yi aikin bayyana wa jama'a abin da tsarin mulkin nan ya ƙunsa, don takardar da anka rubuta da Faransanci ba ta amfanin talaka sai an warware mishi ita.

Daga 2003 zuwa 2006 ta shugabanci CSC, hukumar koli ta sadarwa. Aikin hukumar a lokacin shi ne ba gidajen radiyo da talabijin izini, da duba yadda suke aiki, da raba wa jam'iyyu lokacin magana a gidajen gwamnati in zaɓe ya zo. Zaɓen 2004, wanda Tandja Mamadou ya sake ci, cikin wa'adinta anka yi shi. Kun san raba gado tsakanin 'yan uba. Kujera ce wadda mai mulki ke kuka da ita, ɗan adawa ma shina kuka da ita. Mace anka ba wagga kujera, ta riƙe ta shekara 3. Allah ya yi mata rasuwa a ƙasar Turkiya ran 29 ga Oktoba 2018, tana da shekara 72. Allah shi jiƙanta, shi sa ta huta.

To, mi ya sa ni kawo muku wanga labari? A lakwal ɗin garinmu, ajin hwarko cike yake da 'yan mata. Kahin su kai CM2, ana ƙirga su da yatsun hannu. Bara wata yarinya ta hi kowa maki cikin ajina, ta samu shiga kolej. Kolej ɗin tana da nisa, ba mu samu mai masauki ba. Ubanta ya ce mini: "Mushe, ba ni aika ɗiyata inda ban san wanda za ya tsare ta ba." Ban ga laihinshi ba. Tsoronshi gaskiya ne. Yarinyar tana gida yanzu, kayenta na cikin akwatina.

Gwamnati ta yi doka cikin 2017 don kare ɗiya mace da ke lakwal. Amma doka ba ta ba yarinya tabarma, ba ta ba ta tuwon dare. Wanga aikinmu ne. Kuma ku tuna, in matar ɗayanmu za ta haihu, mace muke so ta karɓe ta a likita. In ana shiri a radiyo bisa ciwon yara, mace iyayenmu ke so su ji. Waɗanga mata daga gidan wani sunka hito. In kowa ya tsare tashi, daga ina za mu samo su?

Roƙona ukku ne. Na ɗaya, 'yan uwa da ke zaune a birni da iyalinsu, kowa ya hwaɗa wa magatakardan ƙungiya ko shina iya sauke yarinya guda a shekarar karatu. Na biyu, a ware wani abu daga asusu don kaye da bik da kuɗin mota, ko da jika guda ce kowane mutum ya ƙara. Na ukku, dattawa biyu da iyaye mata biyu su riƙa zuwa ganin yaran kowane hutu, su kawo wa iyayensu labari, don hankalin uba ya kwanta.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ana komawa lakwal cikin Oktoba, ya kamata mu yanke shawara kahin taron nan ya watse. In kun yarda, da yarinyar bara za mu hwara, ni da kaina in tahi wurin ubanta tare da maigari.

Allah shi ba mu damana mai albarka, shi maida matahiya gida lahiya.